Yana ɓoye wa maƙwabta, yana busa wa 'ya'yansa

Assalamu alaikum Anti. Daga Tudun Wada ta Kaduna nake rubuto miki, don Allah a sakaya sunana. Shekararmu biyar da aure, muna da yaro ɗan shekara uku, ga kuma ciki wata biyar. Maigidana mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, cefane ba ya yankewa, yana da shagon yadi a Kasuwar Barci. Sai da na yi wata biyu a gidansa na gano yana shan taba. A waje babu wanda ya sani, ko iyayena. In kin gan shi a sahun gaba a masallaci ba za ki taɓa kawowa a ranki ba. Gidan haya muke, ciki da falo, tsakar gida ɗaya da wasu iyalai huɗu. Shi ya sa sai ya dawo bayan isha'i yake tura ƙofa, ya saki labule, ya sha kara uku ko huɗu a falo, da asuba ma ya ƙara ɗaya. Yana ɗan buɗe taga, ya kunna fanka in akwai wuta. Ni kuma in ya gama sai in zuba turaren wuta a kasko don kada maƙwabta su ji wari.

Tun da sanyi ya shigo yaron ke tari, ya fi yi cikin dare, ƙirjinsa na ƙara kamar kukan kyanwa. Kwalbar sirof ta uku ke nan daga kemis. Sau biyu kunnensa yana zubar da ruwa. Ni ma da ciwon kai nake tashi. Na yi masa magana, ya ce shi ke sha ba mu ba, wai so nake in tona masa asiri. Na gaya wa Hajiyarsa, ta ce mahaifinsa ya sha taba shekara 40 kuma ya haura 80 a duniya, in yi haƙuri in rufa wa mijina asiri. A wurin awo an tambaye ni ko akwai mai shan taba a gidanmu, na ce babu. Anti, hayaƙin ne ke sa yaron tari ko sanyi ne? Kuma yaya zan yi ba tare da na kashe aurena ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Abu uku kika lissafa a kan yaronki: tarin dare, ƙirji mai kuka, da kunne mai ruwa. Duka ukun suna cikin jerin da likitocin yara ke tsammanin gani a gidan da ake shan taba a ɗaka. Hunturu yana da nasa laifin, ƙurar Kaduna a watan Disamba da Janairu ko babba tana shaƙe shi. Sai dai hunturu ba a hannunki yake ba, ba kuma a hannun maigida ba. Hayaƙin falonku kuwa mutum ne ke kunna shi da ashana, sau huɗu ko biyar kullum, a daidai lokacin da kowa ya rufe ƙofa saboda sanyi.

Bari mu ɗauki maganarsa, wai shi ke sha ba ku ba. Daren yau in ya kunna, kada ki dubi fuskarsa, ki dubi hannunsa. Kara ɗaya yana ɗaukar minti biyar ko fiye kafin ya ƙare. A cikin wannan lokaci zuƙa nawa zai yi? Kamar goma, kowace ba ta wuce ƙiftawa da bismilla ba. Sauran lokacin duka karan yana tsakanin yatsunsa ko a bakin faranti yana ci shi kaɗai, siririn hayaƙi na tashi daga bakin wutar. Wannan hayaƙin bai bi ta audugar da ke gindin taba ba, kuma da yake wutar ba ta da ƙarfi sosai in ba a zuƙa ba, ƙonewar ba ta cika, wasu gubobin sun fi yawa a cikinsa fiye da wanda mai sha ya ja zuwa ƙirjinsa. A kan wannan sai a ɗora wanda ya feso daga baki da hanci. Su biyun ne rabonki da rabon yaro. Masana sun ƙirga sinadarai fiye da 7,000 a hayaƙin taba, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara mutum fiye da miliyan ɗaya ke mutuwa saboda hayaƙin tabar da wani ya sha, mutanen da ba su taɓa sayen kara ɗaya ba.

Yaro kuma ya fi ki ɗiba. Babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, ɗan shekara uku ya fi haka sauri, jariri sabon haihuwa yakan kai 40 har ya wuce. Ƙaramin jiki, numfashi mai yawa, hanyoyin iska sirara kamar tsinke, ɗan kumburi kaɗan ya isa ya matse su, shi ne wannan kukan kyanwar da kike ji. A cikin hanyoyin akwai wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, aikinsu share majina da ƙura su turo su sama. Hayaƙin taba yana kashe musu jiki. In tsintsiya ta daina shara, datti ya zauna, ƙwayar cuta ta samu wurin kwana: mura ta zama tari, tari ya gangara ya zama ciwon haƙarƙari, wanda asibiti ke kira nimoniya. Kunnen ma hanyarsa ɗaya. Akwai wani siririn bututu da ya haɗa bayan hanci da cikin kunne, in hayaƙi ya kumbura shi ruwa ya taru a ciki ya ruɓe, sai ya ɓalle ya fito. In abin yana maimaituwa yana iya taɓa jin yaro, kuma yaron da ba ya ji sosai magana da karatu duk sukan yi masa nauyi.

Nimoniya ba abin wasa ba ce a ƙasar nan. A ƙididdigar UNICEF ta shekarar 2018, Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya asarar ƙananan yara ta wannan ciwo, kimanin 162,000 a shekara ɗaya. Dalilan suna da yawa, akwai yunwa, akwai rashin rigakafi, akwai hayaƙin itace da gawayi. Naki yaron yana ci yana ƙoshi, don haka kada a ƙara masa wanda za a iya ɗauke masa a dare ɗaya.

Tagar da yake ɗan buɗewa da fankar da yake kunnawa, hankalinsa kawai suke kwantarwa. Fanka ba ta fitar da hayaƙi, juya shi take yi, ta kai shi uwar ɗaka inda yaro ke barci. Labulen da ke tsakanin falo da ɗaki ido yake tarewa, iska na wucewa ta sama da ƙasa. Mafi yawan hayaƙin ma ba a ganinsa, bayan shuɗin ya ɓace yana nan cikin iskar ɗaki na sa'o'i. A 2006 babban jami'in lafiya na gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto mai kauri a kan wannan batu kaɗai, abin da ya kammala da shi shi ne babu wani ɗan ƙaramin adadi na wannan hayaƙi da za a ce ba ya cutarwa, kuma buɗe taga ko raba wurin zama a cikin ɗaki ɗaya ba ya kare kowa. Wanda ya lafa kuma yana maƙalewa a labule, katifa, kafet, kujeru, har da rigar mai sha da gashin bakinsa. Yaro ɗan shekara uku a ƙasa yake wuni, ya taɓa kafet ya kai hannu baki.

Yanzu kaskon turarenki. A nan na daɗe ina duban wasiƙarki. Na san da kyakkyawar niyya kike yi, kowace 'yar Hausa an koya mata ɗakinta ya yi ƙamshi, an kuma koya mata rufa wa miji asiri. Amma ki duba abin da ke faruwa: an cika ɗaki da hayaƙin taba, sai ki kawo garwashi ki ɗora wani hayaƙin a kai, ƙofa a rufe. Hancin maƙwabta ya huta, ƙirjin yaro ya ɗauki kaya biyu. In kuma akwai maganin sauro na kunnawa a gindin gado, sun zama uku. Turare wari yake rufewa, ba ya cire ko ƙwayar guba ɗaya. Garwashi a rufaffen ɗaki shi ma yana fitar da iskar nan mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke fita daga janareta ta kashe mutane cikin barci, kuma tana cikin hayaƙin taba. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 ko fiye, ta hau kujerar oksijin ta zauna. Ciwon kan da kike tashi da shi, ki faɗa wa masu awo, su auna jininki su duba, domin mai ciki ba ta raina ciwon kai. Amma kasko ki ajiye shi daga yau, aƙalla da dare. Sauro kuma a koma gidan sauro.

Na cikinki bai fara shaƙar iska da hanci ba tukuna, da jininki yake numfashi ta mabiyiya. Duk abin da ya rage oksijin a jininki ya rage nasa, nikotin kuma, sinadarin da ke sa sabo da taba, yana matse jijiyoyin da ke kai masa abinci. Shi ya sa matan da ke zaune cikin hayaƙin wasu suka fi haihuwar jarirai marasa nauyi, kuma haɗarin haihuwar bakwaini yana ƙaruwa. Bayan haihuwa akwai wanda ya fi wannan tsoro: mutuwar fuju'a ta jarirai, a kwantar da jariri lafiya lau da dare a wayi gari babu rai. Hayaƙin taba a ɗakin da jariri ke kwana yana cikin manyan abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarinta. Wata huɗu ya rage miki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka wannan "babu" da kika ce a wurin awo, ki koma ki gyara ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ma'aikaciyar jinya ba maƙwabciyarki ba ce, ba za ta kai labari Kasuwar Barci ba, aikinta ya hana ta. Ba don gulma aka sa tambayar a kati ba, an sa ta ne don a san irin idon da za a sa wa girman cikinki. Haka in kin kai yaro, ki faɗa wa likita gaskiya: kara nawa, a wane ɗaki, tun yaushe. Likitan da aka ɓoye wa rabin labari, rabin magani zai bayar.

Hajiya kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, ban ce ta yi ƙarya ba. Akwai masu sha su tsufa, kamar yadda akwai wanda ya tsallake kogin Kaduna da damina a iyo ya fita. Ba a ɗora yaro a baya a bi sahunsa. Sannan ki tuna irin gidan da marigayin ya sha tabarsa a ciki. Gidajen da, namiji na da zaure da turaka, ga tsakar gida fili fetal, mata da yara suna can nasu ɓangaren. Tsohon zai zauna a ƙofar gida ko gindin bishiya ya yi abinsa, iska ta kwashe. Ku kuma mutum uku da rabi ne a ciki da falo mai taga ɗaya. Kuma misalin Hajiya a kan mai sha yake, alhali tambayarki a kan na kusa da mai sha take. Wannan tambayar wani likita ɗan Japan, Takeshi Hirayama, ya bi ta da haƙuri. Ya bibiyi matan aure fiye da 90,000 waɗanda ba sa shan taba har tsawon shekara 14, ya wallafa sakamakon a 1981: matan da mazajensu ke shan taba sun fi kamuwa da kansar huhu, kuma gwargwadon yawan shan miji gwargwadon haɗarin matar, har ya kai kusan ninki biyu ga matan da mazajensu ke shan kwali guda ko fiye a rana. Binciken da ya biyo baya a ƙasashe da yawa ya nuna zama da mai shan taba yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, kansar huhu da shanyewar ɓarin jiki kuma da kashi 20 zuwa 30. Wannan lissafinki ne ke kanki, ba na yaro ba. Ba sai kin je kin yi wa Hajiya wannan karatu ba, suruka ba a ci mata gyara. Ki gaishe ta, ki karɓi addu'arta, ki bar ta daga cikin maganar.

To, mu zo ga maigida, domin a nan aikin yake. Ni a ganina taba ba ita ce ta shigo da hayaƙi ɗakinki ba, kunya ce. Da mutum ne wanda bai damu da idon jama'a ba, da a teburin mai shayi zai sha abinsa ya shigo. Shi kuwa mai mutunci ne a unguwa, sai ya auna: idon maƙwabta a gefe guda, ƙirjin iyalinsa a gefe guda, ya ga na farko ya fi nauyi, domin maƙwabta suna magana, huhun yaro ba ya magana. Ban ce ya yi wannan awon da gangan ba. Maza da yawa a garin nan haka suke, malamai, 'yan kasuwa, ma'aikata, babu wanda ya san suna sha sai matansu da labulensu. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a irin wannan gida bakin yaro ake kai wa.

Ni ma a gidan mai shan taba na tashi. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, kuma ni ce 'yar aikensa. Zai ba ni kuɗi in je wurin mai tebur in sayo kara biyu in dunƙule a hannu cikin hijabi, don kada kakarmu ta gani. Har yau in na ji warin taba gauraye da turaren wuta, ɗakinsa nake tunawa, da 'yarsa da kullum ake ce wai sanyi ke damunta. Babu wanda ya taɓa haɗa biyun a lokacin, ni ma sai da na girma.

Shawarata ita ce ki raba buƙata biyu da kika cakuɗa. Ɗaya, ya daina shan taba. Biyu, ya daina sha a ɗaka. Ta farko tana iya ɗaukar watanni ko shekaru, kuma sai ya so da kansa. Nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin da zuƙa, jiki yana sabawa da shi sabo mai tsanani, masu bari da yawa sai sun faɗi sun tashi sau da dama. In kika fara da "ka daina", zai ji kin ce masa mutumin banza, ya rufe kunne. Ta biyu kuwa ana iya yin ta daren yau, kuma ita ce ba ki da izinin yin rangwame a kanta. Ba kara ɗaya, ba "sai yaro ya yi barci", ba "a bakin taga". Ɗakin da falon duka.

Ki zaɓi lokaci. Kada ki yi maganar karan na hannunsa, kada kuma ki yi ta lokacin da yake ƙaiƙayin son sha, ransa a wuya yake. Bayan ya ci ya ƙoshi, ko ranar da ba kasuwa. Ki fara da abin da yake tsoro: "Abban yaro, shekara biyar ina riƙe da sirrinka, ko Mama ba ta sani ba, kuma ba za ta ji daga bakina ba. Ban ce ka daina yau ba. Alfarma ɗaya nake roƙo, a fitar da ita daga ɗakin nan saboda yaron nan da wanda ke tafe." In ya ce ina zai je, kada ki ce wannan matsalarsa ce, ki taya shi nema, domin a nan duk maganar za ta tsaya ko ta wuce. Tsakar gida akwai yaran mutane, banɗakin haya kuma kowa na shiga bayansa, duka biyun ba su yi ba. Amma tsakanin Kasuwar Barci da ƙofar gidanku akwai tafiya, mutum zai iya tsayawa a fili inda ba a san shi ba kafin ya iso. Bayan isha'i namiji na iya cewa zai ɗan taka ya miƙe ƙafa, babu mai tambayarsa. In ya dawo ya wanke hannu da baki, ya cire rigar ya rataye ta nesa da gado kafin ya ɗauki yaro. Akwai wata riba a ɓoye a nan: wanda sai ya sa takalmi ya fita cikin sanyin hunturu kafin ya sha, sau da yawa huɗun nan sukan koma biyu ba tare da kowa ya ce masa komai ba.

Sannan ki yi dabara ɗaya da na ga tana aiki fiye da dogon wa'azi. Cikin dare in ƙirjin yaron ya fara kuka, ki tashi maigida, ki kama hannunsa ki ɗora a bayan yaron, ko ki ce ya kara kunnensa. Kada ki ce komai. Washegari ki roƙe shi ya raka ku asibiti da kansa. Ga Yusuf Ɗantsoho nan kusa da ku a Tudun Wada, ga Barau Dikko, kunnen kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a nan cikin Kaduna. Abin da mata ta faɗa sau goma aka ce mita ce, in likita ya faɗa sau ɗaya yana duban idon uba, yakan shiga. Sirof na kemis kuma ya isa haka, kwalba uku ba ta yi ba ta huɗu ba za ta yi ba. Yaro mai kukan ƙirji yana buƙatar a saurare shi da abin awo a ga ko asma ce, kuma duk tarin da ya wuce mako biyu ana gwada shi don tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ki tafi da katin rigakafinsa a duba ko ya cika, akwai allurar nimoniya a ciki.

Kafin ranar asibiti, in kin ga ɗaya daga cikin waɗannan kada ki jira gari ya waye: yana numfashi da sauri, sau 40 ko fiye a minti alhali yana kwance shiru, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki in ya ja iska, ya kasa shan ruwa ko magana saboda haki, leɓensa ya canza launi, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Ki ɗage rigarsa ki ƙirga da agogon waya, minti ɗaya cur.

Tunda mutumin sahun gaba ne, yana da abin da zai tuna da kansa. Hadisi na 32 a cikin Arba'una da yaranmu ke haddacewa a Islamiyya: babu cuta, babu cutarwa. Kuma wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa an ce ya nisanci masallaci don kada warin ya dami mutane. In wari kaɗai ya kai a ce wa mutum ya ja baya daga jam'i, ina ga abin da ke shiga jinin ɗansa? Ki faɗa sau ɗaya, a hankali, kamar mai tambaya. Kada ki mai da shi bulala.

Doka ma ta san da zancen. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a da motocin haya har da Keke Napep, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai. Ki leƙa teburin bakin layinku ki ga yadda ake bin wannan ta ƙarshen. Na kawo ta ne don ki san abin da kike roƙo ba tsirfar mace mai ciki ba ce, abu ne da majalisa ta zauna a kansa. Amma kada ki ambaci doka a ɗakin aurenki, ba za ta haifar da ɗa mai ido ba.

In ya amince, sai ki riƙe masa. Ranar da ya fita waje ya dawo, ki tarbe shi da shayi mai zafi, ba da tsaki ba. In wata rana ya nuna yana son bari gaba ɗaya, ki sani kwana uku na farko su ne masu wuya, mako na farko zai yi faɗa, barci zai gagare shi, zai ci abinci kamar an aiko shi, bayan mako biyu zuwa huɗu abin yakan lafa. Ƙaiƙayin son sha yana zuwa ne ya wuce cikin 'yan mintoci, aswaki, ruwa, ko ɗan zagaye sukan tsallakar da shi. Akwai cingam da abin liƙawa a fata masu nikotin da likita ko mai harhaɗa magani zai iya nuna masa yadda ake amfani da su, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa kuma suna duba masu son rabuwa da abin da jiki ya saba da shi, ba sai mai taɓin hankali ba. Ki tuna masa duk azumi yana yin sa'a 13 ko 14 bai sha ba, kwana 29 ko 30 a jere. Jiki kuma ba ya riƙo: cikin sa'a 12 da bari iskar nan mai guba take sauka a jini, bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi. In wani aboki ya ce ya koma shisha wai ta fi sauƙi, ƙarya ce, taba ce da gawayi a kai, ruwan da ke ƙasa ba ya raba hayaƙin da guba, kuma zama ɗaya ya fi kara ɗaya hayaƙi nesa ba kusa ba.

In kuma ya ƙi, kin yi magana sau biyu sau uku, likita ya yi, yana nan yana kunnawa a falo, to kada ki tsallaka kai tsaye zuwa gidanku. Kusan kowane mai sha a ɓoye yana da amini ɗaya da ya sani, sau da yawa tare suka koya. Ki nemi wannan, ko wani yayansa da yake jin nauyi kuma bakinsa ke da murfi. Mutum ɗaya, ba taro ba. A halin da ake ciki, duk lokacin da ya ɗauko ashana ki ɗauki yaro ku fita, ku shiga wurin maƙwabciya ko ku zauna a tsakar gida da rigar sanyi, ba faɗa ba gori. Wannan ba ya hana abin da ya rage a ɗakin, amma yana rage mafi munin, kuma shi da ke gudun tambayar mutane zai gane cewa fitar matarsa da yaro kullum ƙarfe tara na dare ita ce za ta jawo tambayar. In har haihuwa ta matso ba a daidaita ba, ki nemi zuwa wankan gida wurin Mama, al'ada ce babu mai zargi, kuma ki gaya masa a fili cewa jariri ba zai kwana a ɗakin da ake shan taba ba. Wannan ba yaji ba ne, kuma ban ga aure mai ƙwari irin wanda kika kwatanta yana mutuwa a kansa ba.

Ranar da ya fara fita waje, washegari ki sauke labulayen duka a wanke, a fitar da katifa da kafet su sha rana, a goge bango da silin da fuka-fukan fanka da ruwan sabulu, za ki ga ruwan ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Da cikin wata biyar kada ki hau kujera, ki kira ƙanwarki ko ki bar masa. Ni da zan so ma shi ya matse tsumman da hannunsa.